Auren inji da buwat a garajojin Damargu

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Balbeji, mota ɗaya takan yi aikin da motoci biyar suke yi a birni. Motar da ta kwashi buhunan gero da wake daga Falanko ranar kasuwa, ita ce za ta komo da sukari da shayi da siminti. Ita ake ɗora wa tumaki idan layya ta gabato. Idan kuma dare ya raba, haihuwa ta zo wa mace da gardama, ƙofar mai ita ake bugawa don a kai ta asibitin Tanut ko babban asibitin Damagaram. Hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram, ta bi ta Bakin Birji da Tanut ta nufi Agadas, ba ta ratsa Falanko ba. Abin da ke tsakanin garin da kwalta rairayi ne da kwari da sawun amalanke, saboda haka ran da motar gari ta kwanta, ba mai ita kaɗai ne ya shiga uku ba.

Irin wannan aiki yana cin inji. Rairayi yana sa shi nishi a giya ta ɗaya da ta biyu, zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba ta barin ko wace kafa. Ran da inji ya soma hayaƙi shuɗi yana shan mai kamar ruwa, ko ya yi zafi har kansa ya tsage, mai mota yana da hanya biyu: ko a buɗe shi a gyara, ko a sauke shi a ɗora wani. Da yawa sukan zaɓi ta biyu. Amma ba kullum ake samun inji irin wanda aka sauke ba, in an samu ma ba kullum aljihu yake kai wa ba. Daga nan sai a koma neman wanda zai shiga, a haɗa shi da tsohon akwatin giya, wanda makanikai suke kira buwat. Aikin ya yi kama da auren mangwaro da masu lambu suke yi: reshen wani itace, gindin wani. Wani auren yakan kama, wani kuma yakan bushe bayan an riga an kashe dukiya.

Ba banza sayen tsohon inji ya zama al'ada ba. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan gyara sababbi da ake kawowa daga Turai suka yi tsadar da ƙaramin mai mota ba ya iya kaiwa. Tsofaffin injuna da ake cirowa daga motocin Turai suka cika gurbin. Suna sauka a Kwatano da Lome da Legas, su bi ta Yamai da Maraɗi, ko kuwa ta kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, su iso Damagaram. Su ne ake ce wa ƴan Beljiyam, ko da ba su taɓa ganin ƙasar ba. Bayan rikicin Libiya na 2011 da gano zinariya a Jado a 2014, motocin Hilux da Land Cruiser suka yawaita a hanyar Agadas, kayan jikinsu ma suka yawaita. Daga 2023 kuma, da hanyar Kwatano ta toshe, kaya da yawa suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta yi tsawo.

Mai sayar da inji yakan tada shi a ƙasa, a kan tsohuwar taya, ya ba shi wuta don mai saye ya ji murya. Murya mai daɗi shaida ce cewa injin yana da rai. Ba ta faɗin kome game da ko zai zauna lafiya da buwat ɗin da ke jiran shi a garaji.

Inda inji da buwat suke gamuwa

A bayan kowane inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira bolan, ɗaure a ƙarshen babbar sandar da ke juyawa cikin inji. A jikin bolan ake ɗaura ambireyaji, wato abin da Hausawan Najeriya suke kira kuloci: faifai mai fata a tsakiya, da murfi mai matse shi. Daga gaban buwat kuma wata sanda take fitowa, mai tsagi-tsagi a jikinta kamar haƙora, ta ratsa cibiyar faifan, bakinta ya je ya zauna cikin wani ƙaramin rulma a tsakiyar sandar inji. Duk wannan yana ɓoye cikin wani mazubi mai faɗin baki da ke ɗaure inji da buwat wuri ɗaya. Faransawa sun ga ya yi musu kama da ƙararrawa, suka ba shi sunanta. Ga idon Bahaushe ya fi kama da ƙwarya, kuma da wannan suna za a ci gaba da kiran shi a nan. Mafi yawan auren da ya lalace, cikin ƙwaryar nan ya lalace, inda ido ba ya gani bayan an rufe.

Abu na farko shi ne ramukan kusoshi. Kowane dangin inji yana da tsarin ramukansa, kuma sai ramukan ƙwarya sun yi daidai da su. Amma ba kusoshin ne suke saita inji da buwat ba, aikinsu matsewa ne kawai. Masu saitawa wasu ƴan turaku ne guda biyu, gajeru, da suke fitowa daga bayan inji su shige ramukansu a jikin ƙwarya ba tare da sun yi lilo ba. Su ne suke tabbatar da cewa sandar inji da sandar buwat suna kan layi ɗaya. Kaucewar da ake yafewa tsakanin sandunan biyu ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba.

A nan ne gaggawa take yin ɓarna. Makanike ya ɗaga buwat, ya ga ramuka huɗu sun dace, biyu sun ƙi, turaku sun tokare. Mai mota yana tsaye a kansa domin jibi kasuwa. Sai a zare turakun a jefar, a sa injin huji a faɗaɗa ramukan da suka ƙi, a matse. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, kowa ya yi murna. Amma sandar buwat tana juyawa a karkace, kowane zagaye tana lanƙwasa cibiyar faifan ambireyaji tana dukan rulman gaban buwat. Bayan ƴan makonni sai a ji kuka idan an taka ambireyaji, sai giya ta huɗu ta soma fita da kanta, sai wata rana cibiyar faifan ta tsinke a tsakiyar daji. Mai mota yakan zargi faifan da cewa jabu ne, ya sayi wani, shi ma ya bi sawun na farko. Laifin yana ga turaku biyun da aka jefar, waɗanda kuɗinsu bai kai na farantin tuwo ba. Idan dole ne a haɗa inji da ƙwaryar da ba tasa ba, hanyar da ta dace ita ce a sassaƙa farantin ƙarfe na tsakani wurin masu injin sassaƙar ƙarfe, mai ramukan inji a fuska ɗaya da na ƙwarya a ɗaya fuskar, da mazaunin turaku a duka biyun. Wannan aikin awo ne, ba a yin shi da ido.

Abu na biyu tsawon sandar buwat. Idan ta gaza, bakinta ba zai kai ga ƙaramin rulman nan ba, sai ta riƙa rawa. Idan ta yi tsawo, ƙwarya ba za ta zauna a jikin inji ba, sai a ga tazara ta rage kamar kaurin yatsa. Wanda bai sani ba yakan ce kusoshi za su jawo ta, ya yi ta matsewa. Abin da yake yi shi ne tura sandar inji gaba da ƙarfin tsiya, ya cinye ƙarafan da ke riƙe ta, ko ya tsaga ƙwaryar. Buwat ɗin da ta dace takan zauna da ƙarfin hannu kafin a ɗaura kusa ko ɗaya. Akwai kuma wani tarko: injuna da yawa da ke zuwa daga waje an ciro su ne daga motoci masu canja giya da kansu. Irin waɗannan ba su da bolan mai nauyi, sai wani faranti siriri, kuma ba su da ƙaramin rulma a gindin sanda. Sai an nemo bolan na wannan injin da kusoshinsa, an dasa rulman, kafin a yi maganar ɗorawa. Mai saye ya leƙa bayan inji tun yana kasuwa, domin a Falanko ba zai sami bolan ba.

Faifan ambireyaji shi ne bara mai iyayen gida biyu. Faɗinsa sai ya dace da bolan da murfi, waɗanda na inji ne. Cibiyarsa kuma sai ta dace da haƙoran sanda, wadda ta buwat ce. Ko suna ɗaya ba ya isa shaida. Buwat mai giya biyar da Toyota ta sa wa suna H55F, wadda ta yi shekaru tana aiki a Land Cruiser, ta fito da sanda iri-iri: wata mai haƙora 10 manya, wata mai haƙora 21 ƙanana, tsawonsu kuma ya bambanta gwargwadon injin da aka yi ta dominsa. Mutum zai iya sayen H55F lafiyayya, ya kawo ta, ta ƙi shiga injinsa. Wasu makanikai sukan cire cibiyar wani faifai su dasa ta a jikin wani. A hannun gwani mai haƙuri dabarar takan fid da mutum daga daji, amma faifan da cibiyarsa ta kauce ko da kaɗan girgiza zai yi ta yi har ya gaji, kuma bai kamata a mai da maganin wucin gadi ya zama na dindindin ba.

Sauran ƙananan abubuwan cikin ƙwarya ba su da wuyar ganewa in an kula. Rulman da ke tura murfi sai tsayinsa ya yi daidai: in ya gaza giya ba za ta shiga ba, in ya wuce ambireyaji zai riƙa sulɓi har ya ƙone. Haƙoran demarar kuma sai sun dace da haƙoran da ke kewaye da bolan, saboda haka demarar yakan bi inji, ba mota ba.

Sanin dangi

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi aure cikin dangi. Tsofaffin direbobin Damargu sun san haka tun zamanin Peugeot. Kat-san-kat, wato 404, ta fito a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, 505 kuma a 1979, kuma tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, abin da ya sa kayanta suka wadata a kasuwannin Kano da Maraɗi da Damagaram. Injunan isansi na lita 1,6 da 1,8 da 2,0 na waɗannan motoci ƴan gida ɗaya ne, kuma buwat mai suna BA7 ta yi aiki a 404 ta baya-baya da 504 da 505. Shi ya sa a-kori-kura da yawa suka yi shekaru talatin suna canja inji kamar riga. Duk da haka akwai iyaka. Injin isansi na Peugeot a jingine yake zaune, kwana 45, na gazuwal kuwa bai jingina haka ba, don haka ƙwaryarsu ba ɗaya ba ce. Injin isansi na lita 2,0 da ke cikin J5 ɗan gidan ne shi ma, amma a gicciye aka kwantar da shi don ya ja ƙafafun gaba, kuma kwanon mai da bututan jikinsa an tsara su ne don wannan kwanciya. Wanda ya saye shi don 504 sai ya kwashe kayan tsohon injinsa ya mayar masa.

Toyota, wadda ta gaji Peugeot da Land Rover a hanyoyin rairayi, ta sauƙaƙa wa mai karatu aiki. A jikin kowace motarta akwai ƙaramin allon ƙarfe, galibi ƙarƙashin murfin inji, mai ɗauke da sunan samfurin mota da na inji da na buwat da na pon. Haruffan suna da ma'ana. A HZJ75, HZ dangin inji ne, J kuwa Land Cruiser. BJ da HJ Land Cruiser ne masu injin gazuwal na dangin B da na H, FJ mai isansi. LN Hilux ce mai injin dangin L, LH kuma Hiace ce mai irin wannan injin. A jikin inji ma an buga sunansa da lambarsa a kan ƙarfe. Duk wanda ya iya karatun boko, ko na yaƙi da jahilci ne, zai iya goge wurin da tsumma ya kwafe haruffan a takarda kafin ya hau motar Damagaram. Wannan ƴar takarda ta fi bayanin baki na cewa a ba ni injin Hilux, domin injin Hilux ya fi iri goma.

Dangin L su ne suka fi saukin kai. Injin 2L mai lita 2,4 da 3L mai lita 2,8 da 5L mai lita 3,0 gini ɗaya ne aka yi ta faɗaɗawa, bayansu ɗaya, don haka sukan gaji juna ba tare da an taɓa ƙwarya ba. Amma wanda aka ciro daga Hiace ba ya faɗawa cikin Hilux kai tsaye. Kwanon mai da ke ƙarƙashinsa yana iya cin karo da pon na gaba, sai a musanya kwanon tare da bututun da ke zuƙo mai daga cikinsa da sandar awon mai, su ukun tare. Wanda ya canja kwano ya bar bututu zai bar inji da ƙishirwar mai a kan gangara. Ƙafafun inji ma na tsohon ake mayarwa. Sai kuma a lura da harafi ɗaya: 5L famfonsa na ƙarfe ne zalla, 5L-E kuwa kwamfuta ce take sarrafa famfonsa, kuma ba zai yi aiki ba sai da ita da wayoyinta.

A gidan Land Cruiser, 1HZ mai silinda shida da lita 4,2, wanda ya fito a 1990, shi ne abin so, domin ba ya buƙatar kwamfuta kuma yana jure gazuwal da ba shi da tsabta sosai. Masu tsofaffin motoci masu 3B na lita 3,4 ko 2H na lita 4,0 sukan yi sha'awar ɗora shi. Ana yi, amma ba da tsohuwar ƙwarya ba, kuma inda silinda huɗu suka zauna, shida sai an matsa musu wuri: a sake mazaunin ƙafafu, a duba tazarar radiyata, wani lokaci buwat ta ja baya, kardan na baya ya yi tsawo na gaba ya gaza. Wanda zai yi wannan, gara ya sayi inji da ƙwarya da buwat a haɗe daga mota ɗaya. Akwai kuma batun ƙarfi. Kowace buwat an yi ta ne don wani gwargwadon murɗa. Tsohuwar Land Rover mai injin lita 2,25 takan karɓi injin 200Tdi na lita 2,5 da gyara kaɗan, amma buwat ɗinta ba don wannan ƙarfi aka ƙera ta ba, kuma direba mai nauyin ƙafa da lodi har sama ba zai daɗe da ita ba.

Daga isansi zuwa gazuwal

Musanyar da ta fi kowace haɗari ita ce ta canja irin mai. Shekaru da yawa isansin Najeriya mai rahusa, wanda ake sayarwa a kwalabe bakin hanya, ya sa wasu suka gwammace injin isansi. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Bakin Birji, cikin gundumar Tanut kanta, mai iya tace ganga 20.000 a rana. A watan Mayu na 2023 kuma Najeriya ta janye tallafin mai. Duk lokacin da lissafin mai ya juya, sai masu motoci su soma tunanin juya inji. Injin gazuwal ya fi tsimin mai kuma ya fi ja a rairayi, wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne batun birki.

A bayan fedar birki akwai wata tukunya baƙa da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Tana aiki ne da zuƙar iska. Injin isansi yana ba ta wannan zuƙa kyauta daga bututun da yake shaƙar iska. Injin gazuwal ba shi da ita, sai an yi masa famfo na musamman. A dangin L famfon yana manne a bayan altanata. To, sau da yawa mai sayarwa ya riga ya cire altanatar ya sayar daban, makanike kuma ya mayar da ta tsohon injin isansi, wadda ba ta da famfo. Mota za ta tashi, batir zai yi caji, birki ma zai kama idan babu kaya kuma ana tafiya sannu. Ran da aka yi lodin buhu talatin da mutane a sama, raƙumi ya ratso hanya, direba zai taka ya ji feda ta yi tauri kamar dutse, motar kuwa tana tafiya. Gwajin ba shi da wuya, kuma kowane mai mota ya kamata ya yi shi da ƙafarsa kafin ya biya kuɗin aiki: a kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe shi a take, a tada inji. Idan feda ta ɗan nutsa ƙasa, tukunya tana samun zuƙa. Idan ba ta motsa ba, kada motar ta fita daga garaji.

Sai batun gudu. Injin gazuwal ba ya juyawa da sauri kamar na isansi. A ɗauka na isansi yana kai zagaye 5.000 a minti, na gazuwal 4.000. Idan buwat da pon ba su canja ba, motar da take kai kilomita 100 a awa za ta tsaya a 80, inji yana kururuwa, tsimin man da aka yi musanyar dominsa ya tafi. Maganin yana cikin pon, inda ƙaramin haƙori yake juya babba. Pon mai haƙora 41 da 9 kardan yana juyawa sau 4,56 kafin taya ta juya sau ɗaya. Mai haƙora 37 da 9 kuwa sau 4,11. Na farko ya fi ja, na biyu ya fi gudu. Ga motar da rayuwarta duka tsakanin Falanko da kasuwannin ƙauye take, ja ya fi gudu amfani, kuma mai ita bai yi asara ba in ya bar pon yadda yake. Mai bin kwaltar Agadas ne zai ji a jikinsa.

Amma mota mai jan ƙafa huɗu tana da doka da ba a karyawa: pon na gaba da na baya sai lissafinsu ya zama ɗaya. Idan aka sa 4,11 a gaba aka bar 4,56 a baya, ƙafafun gaba za su nemi juyawa fiye da na baya da kashi 11 cikin 100. A rairayi tayoyi sukan sulɓe su ɓoye laifin. Da an hau ƙasa mai tauri, sai faɗan ya koma cikin ƙaramar buwat mai raba ƙarfi, wani abu ya karye. Ana iya gane lissafin pon ba tare da an buɗe shi ba. A tokare motar da duwatsu, a fid da giya, a ɗaga taya ɗaya, a yi alama da alli a jikinta da jikin kardan, a juya tayar sau biyu cif, ana ƙirga zagayen kardan. Huɗu da ɗan ɗigo 4,11 ke nan. Huɗu da rabi da ɗan ƙari, 4,56.

Sauran bukatun gazuwal sanannu ne. Tanki sai an wanke shi, a ja bututu na biyu mai mayar da rarar mai, a sa matatar gazuwal, a ja wayar buji masu ɗumama inji da safe. Radiyata sai ta ishi sabon injin, batir sai ya fi na da ƙarfi, gaban mota kuma zai ɗauki ƙarin nauyi. Land Cruiser masu gazuwal wasu volt 12 suke, wasu 24, musamman waɗanda suka fito daga Turai. Demarar da altanata da buji na 24 ba sa aiki a motar 12, na 12 kuma ƙonewa suke a motar 24. Tun inji yana ƙasa ake canja bel ɗin da ke juya sandar kansa, domin ba wanda ya san shekarunsa, kuma in ya tsinke yakan tafi da kan inji. Haka ma robar da ke tare mai a bayan sandar inji: kuɗinta kaɗan ne, amma canja ta daga baya sai an sake sauke buwat.

Injunan zamani, irin 2KD da 1KD na Hilux, sun zo da wata matsala dabam. Ƙarfe yana iya dacewa da ƙarfe, injin ya ƙi tashi, domin kwamfutarsa tana neman makullin motar da aka ciro shi daga cikinta. Mai sayen irin wannan sai ya karɓi inji da kwamfuta da wayoyi ba a yanke ba da makulli da fedar totur, duka daga mota ɗaya. Shi ya sa makanikan karkara suke riƙe da 3L da 5L da 1HZ, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba: abin da ya lalace a Tarka, gara ya zama wanda sufana take gyarawa.

Ma'aikatan hukuma ma batun ya shafe su. Ba a rasa ganin motocin aiki a kan duwatsu a farfajiyar ofisoshi, wannan inji ya mutu, waccan buwat ta fashe, samfurinsu dabam-dabam domin kowane shiri na taimako da irin motar da ya kawo. Haɗa biyu a tada ɗaya dabara ce mai kyau in an bi ƙa'ida, an kwafe allunan motocin duka, an tabbatar dangi ɗaya ne kafin a kwance kusa. In ba haka ba, motoci biyu da suka kwanta sukan zama tarin ƙarfe biyu da ba a san kayan wace ce a jikin wace ba. Motar ɗaukar marasa lafiya kuwa ba wurin gwaji ba ce.

Akwai kuma takardu. Takardar mota, wadda ake kira kart giriz, tana ɗauke da irin man da motar take sha da ƙarfin dokinta, kuma a kan wannan ƙarfi ake lissafin harajin shekara da kuɗin inshora. Wanda ya mai da motar isansi ta gazuwal, ko ya ɗora inji mafi girma, ya mai da takardarsa mai faɗin abin da ba shi ne ba, kuma ran da hatsari ya auku kamfanin inshora zai iya kafa hujja da wannan. Ya kamata a kai maganar ofishin sufuri na jaha a gyara takarda. Wajen saye kuma a karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar da ke jikin inji da sunan mai sayarwa, domin injin sata ma yana da murya mai daɗi, kuma jandarma ba za su tambayi wanda ya sayar ba sai sun fara da wanda aka samu abin a hannunsa. Inji da aka goge lambarsa, ko nawa aka rage, a bar shi.

Masu mota da suka ga jiya sukan tafi kasuwa da makanikensu, su ɗauki tsohon faifan ambireyaji da kwali da aka zana bayan tsohon inji a kai, ramuka da turaku duka, su kuma yi sharaɗi gaban shaidu cewa abin da bai shiga ba za a mayar. Bayan an gama aiki ba a yin lodi ran nan. Akan fita da motar wayam, a bi da ita kwalta da rairayi, a shiga kowace giya har da ta baya da ƙaramar buwat, a saki totur a kowace giya a ga ko za ta fita, a tsaya a leƙa ƙarƙashin ƙwarya ko mai yana ɗiga. Bayan tafiyar kasuwa biyu ko uku kuma a komo garaji, a sake bin kusoshin ƙwarya da na ƙafafun inji da na kardan da sufana, domin hanyar Falanko takan kwance abin da aka ɗaure a Damagaram.